Ruwa a Gindin Soron Kainuwa

A zamanin da Sarki Warau yake riƙe da ƙasar Tsaurawa, akwai wani tsohon gida a iyakar kudu, inda gonaki suke ƙarewa duwatsu su soma, ana kiransa Soron Kainuwa. Gidan gona ne na zuriyar Barde, amma matafiyin da ya hango shi daga kan tudu sai ya zaci fada ce.

Barde Kyauta ne ya kafa shi, kakan mai gidan na wannan zamani. Da ya ci yaƙin duwatsu, sarkin lokacin ya ba shi kwarin nan duka, ya ce ya gina abin da ransa yake so. Kyauta ya zaɓi gefen rafin Gulka saboda ruwa. Ya sa aka saro giginyu daga nesa aka tsaga azara, aka kwaɓa jar ƙasa aka yi tubali, aka ɗaga babban soro mai bakan gizo masu haɗuwa a tsakiya kamar an sarƙe yatsu, aka ɗora masa tulluwa a sama. Da aka gama sai aka ga tulluwar ta fi ta fadar sarki tsawo. Sarkin ya yi dariya, ya ce wanda ya tsare masa kudu ya cancanci ya hangi nesa. Ɗan Kyauta ya zo ya kewaye gidan da katanga mai kauri, ya haƙa gwalalo a bayanta ya jawo ruwan rafi ciki, ya ƙara zauruka da rumbuna da bargar dawaki. Jikan, Barde Nomau, bai ƙara komai ba sai yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka yakan tara mutane a shafe ginin da makuba, a share indararo, a toshe duk wata tsaga, don ya san ginin ƙasa ba abin da yake ci masa rai kamar ruwa.

A shekarar da wannan labari ya faru, shamuwa ta zo kamar yadda ta saba, ta yi ta kewaya tulluwar, amma ba ta sauka ba. Tun zamanin Kyauta ba a taɓa yin damina babu sheƙarta a kan soron ba. Tsofaffin gidan suka dubi juna.

Damina ta yi tsakiya, dawa ta kai ƙugu, sai manoman kwarin suka fara kwararowa ƙofar gidan da kaya a ka, da awaki, da tsofaffi a goye. Labari ɗaya ne a bakinsu: Kaura Gizago, sarkin yaƙin Bargawa na bayan duwatsu, ya tsallako da rundunar da ba a ganin ƙarshenta. Barde Nomau ya sa aka buɗe musu ƙofa. Kafin yamma zauruka sun cika, barga ta cika, mata suna hura wuta a gindin rumbuna.

Aka dakaci hari, hari bai zo ba. Bargawa suka kafa sansani a kan tudun gabas, nesa da inda kibiya take kaiwa, suka zauna. Washegari Sarkin Baka Cindo, shugaban maharban gidan, ya kira Barde kan katanga.

"Ranka ya daɗe, dubi abin da suke yi. Ba tsani suke ɗaurawa ba."

Barde ya duba. Can ƙasa da gidan, inda rafin Gulka yake matsewa tsakanin duwatsu biyu kafin ya fita daga kwarin, mutane sun yi baƙi kamar tururuwa. Wasu suna jan itatuwa, wasu suna mirgino duwatsu, wasu suna juye kwandunan ƙasa. Barde ya daɗe yana kallo, hannunsa a kan katangar.

"Datse rafin za su yi," in ji Barde. "Gizago ba zai ɓata kibiya ko ɗaya a kanmu ba. Jira zai yi ruwa ya kwance mu."

Haka kuwa aka yi. Sama ta yi ta zuba, rafi ya rasa hanya ya dawo da baya. Gwalalo ya cika ya tumbatsa, gonakin kusa suka nutse har sai kan dawa kawai ake gani. Kowace safiya mutane sukan hau katanga su leƙa su ga inda ruwan ya kai. Ruwan ya taɓa gindin katangar, jar ƙasa ta fara yin baƙi daga ƙasa tana hawa. A cikin gida daɓen zauruka ya jiƙe, mutum ya taka sai sawunsa ya fito. Kwaɗi suka shigo har ɗakin girki. Wani lokaci ana zaune sai a ji wani ɓangaren yaɓe ya sulale ya faɗa ruwa, tsulum, mata su rungume 'ya'yansu.

Ana cikin wannan hali, wata rana da hantsi, aka hango kwalekwale ɗaya yana tahowa daga arewa, da mutum tsaye a ciki yana ɗaga sandar sarki. Jakada Tanimu ne, manzon fada, dattijo mai furfura wanda ya san gidan tun yana saurayi. Barde ya tara majalisa a babban soro: shi, da Sarkin Baka Cindo, da dattawan kwarin, da kuma Iya Tabawa, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita kaɗai ta rage a duniya cikin waɗanda suka ga Barde Kyauta da ido. An shimfiɗa mata buzu a gindin ginshiƙi, ta zauna da sandarta a kan cinya.

Jakada ya tsaya, ya kasa ɗaga kai.

"Barde ɗan Barde, garkuwar kudu, Sarki ya gaishe ka. Ya ji halin da kake ciki, zuciyarsa tana tare da kai. Ya ce runduna a shirye take, Waziri Hankurau ne zai jagorance ta. Amma ya ce akwai magana. An daɗe ana faɗa a fada cewa a ƙasar Tsaurawa akwai rufin da ya fi na Sarki tsawo, kuma mai wannan rufi yana ganin kansa daidai da rufinsa. Sarki ya ce a sauke tulluwar nan, in gani da idona, in koma in shaida. Ranar da na shaida, ranar runduna za ta taso."

Mutanen majalisa suka ɗaga kai suka dubi rufin soron.

Cindo ne ya fara magana. "Ranka ya daɗe, a ba ni izini in faɗi abin da ke raina. Kibiyoyinmu sun sha danshi, tsarkiyar baka ta saki. Mutanen da ke gidan nan sun fi ƙarfin rumbunanmu. Katangar yamma, jiya na tura mata mashi ya shige har rabi. Idan tulin ƙasa ne zai sayo mana runduna, a sauke shi. Ana iya sake gina tulluwa da rani."

Dattawan kwarin suka gyaɗa kai. Iya Tabawa ba ta dubi Cindo ba, Jakada take kallo.

"Tanimu," ta ce, "ta ina ka biyo?"

"Ta fadamar arewa, Iya."

"Bargawa ba su da mutane a fadamar arewa?"

"Suna da su."

"Sun gan ka?"

Jakada ya ce, "Sun gan ni."

"Suka bar ka ka wuce, da sandar sarki a hannunka, ido na ganin ido." Ta juya ga ɗan wanta. "Barde, ina yarinya na ɗauko wa maginan soron nan ruwan sha. Na ga yadda aka ɗaura azaran nan ɗaya bisa ɗaya, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta, tulluwar kuma ita ta danne su duka. Ka buɗe kan soron nan a tsakiyar damina, Gizago yana ci daga ƙasa, kai kana ci daga sama. Wanda ya kitsa wannan saƙo ba tsawon rufi ne ya dame shi ba. So yake gidan ya mutu, kuma a ce da hannunka ka kashe shi. Ban ce Sarki ba ne. Sarki yaro ne, abin da aka zuba masa a kunne shi yake faɗa. Amma na san Hankurau, na san ubansa, na san tun yaushe suke kallon kwarin nan."

"Gwaggo," in ji Barde, "in na ƙi, na zama ɗan tawaye, an sami hujja."

"In ka yarda ma za a sami wata."

"To me kike so in yi da mutanen nan? Kin ji kukan yara. Ni ba na iya barci saboda shi. In akwai ko da ƙyallin gaskiya a maganar Sarki, na ƙi ta saboda rufin kakana, me zan gaya wa Allah?"

Iya Tabawa ta sunkuyar da kai. "Kai ne mai gida," ta ce. "Na faɗi tawa."

Barde ya miƙe, ya ɗaga kai ya dubi inda bakan gizon suka haɗu, zanen da aka yi musu tun zamanin kakansa har yanzu bai dushe ba. Ya ce, "A kawo gatura."

Ba wanda ya yarda ya fara sara. Barde da kansa ya hau, ya kai sara na farko, sannan sauran suka bi. Tsohon ginin ya yi tauri kamar dutse, suka wuni suna fama. Daga tudun gabas Bargawa suka fito suna kallo, har ana jiyo ihunsu da kiɗan gangarsu. Da tulluwar ta rufta ciki, ƙura ta turnuƙe gidan, dawaki suka tsinke igiya, wata tsohuwa ta faɗi sumammiya. Jakada Tanimu ya duba, ya share ido da hannun riga, ya shiga kwalekwalensa ya tafi. Wannan karon ma ba wanda ya harbe shi.

Aka rufe ramin da asabari da fatu, amma ruwan sama bai san da su ba. Ya riƙa bin azara yana gangarowa, bangon soron ya fara zubar da jan hawaye. Kwanaki suka yi ta wucewa, ba runduna, ba labari. Hatsi ya fara tsiro a cikin rumbu. Zazzaɓi ya shiga yara. Sai wata rana bayan azahar, katangar yamma ta yi wata irin ƙara kamar nishin sa, ta durƙusa cikin ruwa, ta tafi da bargar dawaki da mutanen da suka fake a cikinta.

Barde ya kira Cindo. "Ba za mu zauna mu narke ba. Hadari yana haɗowa. In ya sauko, ba za su gan mu da wuri ba. Mu je mu fasa datsin nan."

Suka ciro ƙyamaren ɗakuna suka ɗaura su a kan goruna, mazaje suka hau da gatura da fartanya. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, suka tura cikinsa. Sun kusa isa datsin kafin Bargawa su farga. Cindo ne ya fara tsalle ya hau, ya sare mai gadi na farko, mutanensa suka dira suna sarar itatuwa. Ɗan lokaci kaɗan abin ya yi kamar zai yiwu, har wani gungume ya motsa, ruwa ya fara tsartuwa ta ƙarƙashinsa. Sai hadarin ya yaye farat ɗaya, rana ta fito. Maharban Gizago da ke kan duwatsun biyu suka ga komai a fili. Kibau suka sauko daga dama da hagu. Mutanen Barde suna kan sulɓin laka, ba wurin fakewa. Kibiya ta sami Cindo a wuya, ya faɗa ruwa da gatarinsa a hannu, bai sake tasowa ba. Barde ya sami rauni a kafaɗa, mutanensa suka ja shi da ƙarfi suka ɗora a kan ƙyaure. Waɗanda suka dawo ba su kai rabin waɗanda suka fita ba.

Washegari da safe, ana cikin wankan gawawwakin da ruwa ya turo, aka ji kakaki daga arewa.

Gidan duka ya ruɗe. Mata suka yi guɗa, maza suka hau abin da ya rage na katanga. Ga tutocin Tsaurawa sun fito daga bayan tudu, ga Waziri Hankurau a gaba bisa farin doki. Barde ya sa aka tallafe shi ya hau kan soro, Iya Tabawa tana biye da shi da sandarta.

Rundunar ba ta ja daga ba. Ta yi ta tafiya a hankali, ta kewaya bakin ruwa, ta nufi tudun gabas. Daga sansanin Bargawa wani ƙato, Kaura Gizago da kansa, ya fito a ƙasa, ba garkuwa, ba mashi. Waziri ya sauko daga doki. Suka yi musafaha, suka daɗe hannu cikin hannu, sannan suka shiga laima ɗaya.

Guɗar ta mutu a bakin matan. Wani mutum a kan katanga ya zauna daɓas, ya ɗora hannu a ka.

Kafin rana ta take, kwalekwalen Jakada Tanimu ya sake zuwa ƙofa. Wannan karon bai shiga soro ba, a zaure ya tsaya, ruwa har idon sawu.

"Barde, Waziri ya ce Sarki ya yi sulhu da Bargawa. Ya ce kai ne sanadin fitinar kudu. In ka fito kai kaɗai, ba makami, ka miƙa wuya, za a fasa datsi, a buɗe ƙofa, kowa ya koma gonarsa lafiya."

"Ka ji wannan daga bakin Sarki?"

"Rabona da ganin Sarki tun ranar da na koma. Ba a barin kowa ya shiga wurinsa."

Barde ya dubi mutanen da suka cika zauren, idanunsu duka a kansa. Ya kwance takobinsa, ya ajiye a gaban gwaggonsa.

"Gwaggo, kin faɗa ban ji ba. Ki yafe mini. In kin ga na isa tudu, ki sa a buɗe musu ƙofa."

Ta kama hannunsa da hannuwanta biyu, ta daɗe ba ta saki ba. "Je ka, ɗana. Allah ya tsare gabanka da bayanka."

Jakada ya ce shi zai zauna a gidan har a buɗe ƙofa, haka aka umarce shi. Barde ya shiga kwalekwalen, matuƙi ya tura. Suka bi ta kan gonakin da suka nutse, kan dawa yana gogar gefen jirgin. Da ya waiwaya sai ya ga gidan kamar bai taɓa ganinsa ba: soron ba kai, katanga da giɓi, ƙofa a buɗe rabi, mutane cunkus a bakinta.

A bakin tudu dakaru suka kama shi, suka ɗaure masa hannu ta baya ba tare da kula da rauninsa ba, suka kai shi gaban laima. Waziri Hankurau yana zaune a kan kilishi, Kaura Gizago a gefensa yana cin goro.

"Barde ɗan Barde," in ji Waziri, da murya mai laushi, "ka sha wuya. Ga shi abin ya zo ƙarshe."

Idon Barde ya faɗa kan wani abu a bayan laimar. Igiyoyi ne, tuli guda, sababbi, an yi wa kowace zarge-zarge a jere, daidai wuyan mutum. Wasu zargen ƙanana ne ƙwarai. Kusa da su Bargawa suna tura kwalekwale da gadajen itace cikin ruwa, suna loda igiyoyin.

Barde ya juyo. "Waziri, waɗannan na mene ne?"

Gizago ne ya amsa, yana dariya. "Ka zaci don Allah na kwana cikin ruwa da mutanena? Shi kwari yake so, ni mutanen kwari. Haka muka yi da shi tun kafin shuka."

Barde ya fizge, ya ruga bakin ruwa da hannuwa a ɗaure, ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa. "Kada ku buɗe! Gwaggo! Ku rufe ƙofa!" Iska ta kwashe muryar. Gidan ya yi nisa, ba mai jin sa. Dakaru suka danne shi cikin laka, ya ɗaga kai yana kallon jiragen Bargawa suna nufar ƙofar da shi da bakinsa ya ce a buɗe.

Abin da bai sani ba shi ne, tun kwalekwalensa bai yi nisa ba Jakada Tanimu ya durƙusa cikin ruwan zaure a gaban Iya Tabawa, ya karya sandar sarki a gwiwarsa, ya gaya mata abin da ya gani ana tufkawa a bayan laima.

Jiragen suka matso har ana iya jin muryar matuƙansu daga zaure. Sai ƙyauren gidan ya motsa. Ya rufe a hankali, da nauyi, ƙarar sakatarsa ta biyo kan ruwa har tudu. A kan katanga kawuna suka fito, maza da mata, da baka, da duwatsu, da taɓare. A giɓin yamma an jera gadaje da turame an toshe. Jirgin farko ya sha ruwan kibau, ya juya ya kife, igiyoyin suka watse a kan ruwa.

Gizago ya tofar da goronsa ya miƙe. "Waziri, ka ce mini in mai gida ya fito an gama."

Fuskar Waziri ta canza. Ya taka har inda Barde yake kwance, ya tsaya a kansa. "Ka ba da umarni a buɗe ko ba ka bayar ba? Wane ne yake ja da ni a gidan nan?"

Barde ya ɗaga fuskarsa daga laka. Can bisa karyayyen soron, wata 'yar ƙaramar tsohuwa tana tsaye, takobi a hannunta, nauyinsa yana rinjayar ta.

"Na bayar," in ji shi. "Amma gidan yanzu ba nawa ba ne."

A bayansu, sama ta sake yin baƙi daga gabas.